Na Kai Baban Rahila Yawunde

Tun ranar da na dawo daga Kamaru ban sayar da doya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zo rumfata a kasuwar Jalingo sai ya manta abin da ya kawo shi, ya jawo benci ya ce, "Maman Rahila, yaya ƙasar Faransanci?" Matan zumunta na cocinmu ma haka, ranar Alhamis sai da aka jinkirta koyon waƙa saboda ni. Na ba da labarin nan guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma na lura kullum akwai gefen da nake tsallakewa. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi gaba ɗaya, har da wurin da ban fito da kyau ba.

Rahila ce 'yata ta fari. Zane da sassaƙa ta karanta a Zariya, abin da ban taɓa gane amfaninsa ba. Da babanta ya rasu ta dawo gida Abbare, ta samo wani gungumen icce wurin masu katako, ta zauna gindin mangwaro wata biyu tana sara. Abin da ya fito ba hotonsa ba ne sak. Dogon wuya gare shi, da hannaye a lanƙwashe irin sassaƙar mutanenmu Mumuye ta dā. Amma kafaɗar hagu ta ɗan sauka, daidai yadda tasa ta sauka saboda noman doya, kuma ta ɗora masa bakin tsohuwar galmarsa a kafaɗar. Tsayinsa ya kai ƙuguna. Ta ajiye shi a falo, ta samu aikin koyarwa a Yawunde, ta tafi.

Bai yi mako biyu a falon ba wata daga cikin matan coci ta zo gaisuwa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Maman Rahila, mun koma gidan jiya ne?" Wato na koma ajiye gunki. A ranar na ja shi zuwa madafa, na tura bayan ƙofa. Shekara biyu yana can. Duk lokacin da Rahila ta tambaya a waya sai in ce, "Yana nan lafiya."

Sai ga kiranta wata safiya. Wani gidan baje kolin zane ya ba ta wuri ita kaɗai, za a buɗe ranar Juma'a ta sama. Tana so in zo, kuma in zo mata da Baba, don shi za a sa a tsakiya. Masu kai kaya sun ce ba sa ɗaukar irin wannan.

Na fito da shi rana. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Na goga tsumma, tsumman ya yi baƙi, shi kuwa ko gezau. Ban gaya mata ba. Na naɗe shi da bargo biyu, na sa a babban buhu, na ɗaure.

Allah ya taimake ni da Hajiya Dudu, Bafulatanar unguwar Barade mai sayar da atamfa a layinmu. Takan je Garwa saro kaya, ta ce in bi ta. Mun fita ranar Litinin da sassafe.

A tasha direban motar Yola ya tattaɓa buhun, hannunsa ya tsaya a sama.

"Madam, wannan ba kai nake ji ba?"

"Icce ne."

"Icce mai kunne?"

Ya so ya cusa shi a but ɗin mota ƙarƙashin buhunan shinkafa, na ce sam. Sai na kama masa kujera, ya zauna tsakanina da Hajiya kamar fasinja. Wani dattijo da ke bayanmu bai daina addu'a ƙasa-ƙasa ba har muka wuce Zing. A wani shinge jami'i ya leƙo ya nuna buhun da baki ya ce, "Wane ne wannan?" Kafin in buɗe baki Hajiya Dudu ta ce, "Mijinta ne, ba shi da surutu." Motar ta ɗauka da dariya, har shi jami'in, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Daga Yola muka canja mota zuwa iyaka. Hanyar ba kyau, rami ya gaji rami, ni kuwa na rungume buhun kamar mai jinya. Iyakar kanta kogi ce, da ofis ɗan ƙarami a bakinsa, da kwalekwale suna jira. An duba fasfo ɗina da katin rigakafi, ba matsala. Sai aka ce in kwance buhu.

Jami'in da ya yaye bargon ya ja da baya, ya kira na sama da shi, wani mai furfura a gemu. Suka yi magana a gefe, sannan na farkon ya dawo.

"Mama, kin san abin da kika ɗauko? Kayan tarihi ne. Doka ta hana fita da su ba takarda. Ta hanyar nan aka kwashe irin waɗannan aka kai ƙasashen Turawa, yau ko ɗaya ba ki samu a ƙauyukanku."

Na ce 'yata ce ta sassaƙa. Na miƙa wasiƙar da ta aiko daga gidan baje kolin. Faransanci ne, ya juya ta gaba da baya, ya ce ko da ya iya karantawa, wasiƙar mai karɓa ba shaida ba ce. Za su riƙe shi, a tura wa masana su duba, abin zai ɗauki makonni. Na kira Rahila, ba sabis. Na hau kan wani tudu na ɗaga wayar sama, shiru.

Awa uku muna kan benci. Kwalekwale biyu suka tashi a kan idon Hajiya Dudu, ta ƙi shiga. Na ce ta tafi kada kasuwarta ta lalace, ta ce, "Tare muka fito, Dada." Haka take kirana, wato uwa da Fulatanci. Ta ɓare mini gyaɗa. Abin da ke raina shi ne yadda zan tsaya gaban yarinyar nan hannu rabbana.

Can mai furfurar ya fito ya tsuguna gaban sassaƙar.

"Kin ce shekara biyu da yin sa. To dubi baƙin nan. Wannan baƙin shekara ɗari ne. Ina ya samo shi?"

Mutane sun taru, masu kwalekwale da masu jiran hatimi. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, amma ba wata hanya. Na ce, "Yallaɓai, a madafa na ɓoye shi. Kamannin mijina ne, 'yarmu ta yi bayan ya rasu. Na ji tsoron bakin mutane, na kai shi bayan ƙofa inda nake girki da icce. Hayaƙi ne."

Bai yi dariya ba. Ya kai hanci kusa da wuyan ya shinshina. Sannan ya kwantar da shi a hankali, ya ciro makulli ya ɗan kankare tafin ƙafar. Farin icce ya fito, da layin zarton inji, da sunan Rahila da ta ƙona da ƙarfe.

"Iccen malaina ne," in ji shi. "Ubana kafinta ne, a cikinta na tashi. Tsofaffinku ba su sassaƙa da malaina ba." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Kuma abin shekara ɗari ba ya warin daddawa."

A nan ne kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Ya rubuta mini 'yar takarda, ya ce nan gaba a nemi shaida daga gidan tarihi tun kafin a taso. Muka shiga kwalekwale, na zauna a kan buhun gishirin wani.

A can ƙetare ba abin da ya ba ni mamaki kamar yadda komai bai canja ba. Shanu iri ɗaya, fuskoki iri ɗaya, Fulatanci ko'ina. "Jam na?" "Jam." Ɗan abin da na tsinta a kasuwa ya yi mini rana. Sai dai allunan hanya da kakin jami'ai su ne suka nuna an bar gida.

Mun sauka a Garwa gidan ƙanwar Hajiya. Aka kawo tuwon masara da miyar yakuwa da wani kifi mai tsoka, na ci har na ji kunya. Da safe kuma shayi da burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har yana yanka dasashi. Ba a leda ake sayar da shi ba, haka mutum zai saƙale shi a hammata yana tafiya. Na ce a raina, a Jalingo wa zai sayi burodin da ya kwana a hammatar wani?

A gidan ne na yi ɓarna ta biyu. Maganar mai furfura ta tsaya mini a rai: in baƙin ya ruɗi jami'i, yaya Rahila za ta ji? Na ari sabulu da soson ƙarfe irin na wanke tukunya, na kai Baban Rahila bayan ɗaki, na fara dirzar kuncin dama. Baƙin ya fita, amma ya tafi da santsin iccen. Wuri kamar tafin hannu ya yi fari fat, duk ƙarce-ƙarce. Hajiya Dudu ta zo wucewa da buta, ta saki salati ta riƙe hannuna.

"Dada, ajiye soson nan! Da baƙi ne kawai, yanzu kin sa masa kyasfi. Bar mai abu ta ga abinta."

Na zauna a kan dutse ina kallonsa. Da ana komawa daga nan ba a sani ba, da na koma.

A Garwa muka rabu da Hajiya. Ta kai ni tashar manyan motoci, ta damƙa ni a hannun direba da dogon bayani. A can ba a rububin shiga mota. Sai an rubuta sunanka a takarda, a tsaya a kira ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan makaranta. Mai kiran ya yi ta maimaita wani suna yana waige-waige, ni ma ina taya shi waige, ashe ni ce. Yadda ya murɗe sunana Laraba ko uwata ba za ta gane ba.

Kafin Gaundare mota ta hau wani dutse mai kwana-kwana, kunnena ya toshe, iska ta yi sanyi kamar an je Gembu. Daga nan jirgin ƙasa, wanda ban taɓa shiga ba. Ya tashi da yamma. Abokiyar zamana wata mata ce mai jiki daga kudancinsu, ba Hausa, ba Fulatanci, ba Turanci. Na ba ta gyaɗa, ta ba ni wani abu dogo naɗe da ganye an ɗaure da zare. Na juya shi na rasa ta inda ake farawa, na gatsa da ganyen. Ta yi dariya har da dukan cinya, ta kwance mini. Rogo ne, mai danƙo da ɗan tsami. Ta nuna buhun tana tambaya da ido. Na rasa yadda zan yi, sai na ɗora hannu a ƙirjina. Ta gyaɗa kai, ta janye jakarta ta ƙara masa wuri.

Gari ya waye muna cikin kurmi, itatuwa dogaye da ayaba har bakin layin dogo. Yawunde kuwa gari ne a kan tuddai, jar ƙasa, ga yayyafi. Rahila na tsaye a tasha. Ta rame, ta rage gashinta, wandonta duk fenti. Ta rungume ni, sannan ta dafa buhun ta ce, "Sannu da hanya, Baba."

Kai tsaye muka wuce gidan baje kolin. Ɗaki ne babba, bango fari tas, ba kujera ko ɗaya. Mai wurin, wata Madam Odil, ta tare ni ta manna kuncinta a nawa, dama da hagu. Na sandare, don rabon da wani ya kusanci fuskata haka tun ina goyo. Rahila ta raɗa mini cewa gaisuwarsu ke nan.

Ta yanka igiyar da kanta, ta yaye bargon farko, ta yaye na biyu. Ta shafa wuyan, ta dubi yatsunta. Ta taɓa farin kuncin.

"Mama, ina kika ajiye shi?"

"A madafa."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan tafiyarki da mako biyu."

"Duk lokacin da na tambaye ki kina cewa yana nan lafiya."

Na gaya mata abin da matar coci ta ce, na gaya mata zancen soso. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce da wani ma'aikaci ya kai ni ɗakinta, ta fita ta ƙofar baya.

Kwana biyu muka yi a ɗakinta kamar baƙin juna. Ta fita da asuba, ta dawo a gajiye. "Ina kwana, Mama." "Sannu da aiki." Shi ke nan. Na daka mata sakwara da doyar da na zo da ita, ta ci ta yi godiya kamar a gidan surukai. Maƙwabciyarta ta aiko mini da miyar shuwaka da aka haɗa da gyaɗa, wadda suke ji da ita ƙwarai, mai daɗi ce, amma ranar ko zuma aka ba ni ɗaci zan ji.

Ranar Juma'a da la'asar na ɗaura atamfar zumunta na bi ta. Mutane sun cika, kowa da kofin gilashi a hannu, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Ana zagayawa da faranti, abincin ciki kowane bai fi loma ɗaya ba. A wurinmu in ka tara jama'a haka ka ba su wannan, sai an shekara ana zancenka.

Na bi bango ina kallon zanen. Da fari ban ga komai ba sai launi a kan launi. Da na ja baya sai na ga kasuwa ce. Mata ne ɗauke da kaya, ba fuska, sai wuya da kafaɗa da kwanuka. Na ga layin masu doya. Na ga koren bahona mai faci a gefe, wanda na yar tun tana sakandare. Wani Bature ya tsaya gabansa ya riƙe haɓa kamar mai karanta wasiƙa. Akwai kuma sassaƙa na ƙarfe da icce, wasu na gane, wasu har yau ban gane ba.

Sai na juya tsakiyar ɗakin. Yana tsaye a kan farin akwati, fitila na haska shi daga sama. Ba ta wanke shi ba. Baƙin yana nan, farin kuncin yana nan, galmar na kafaɗa. Mutane sun kewaye shi. Akwai 'yar takarda a jikin akwatin. Mai gadin wurin, Malam Sali, Bahaushen can ne, na roƙe shi ya karanta mini.

Ya sunkuya ya ce, "An rubuta: Babana. Sannan abin da aka yi shi da su: malaina, ƙarfen galma, da hayaƙin madafar mahaifiyata."

Na rasa inda zan sa kaina. Ban sani ba ko tona mini asiri ta yi a gaban duniya, ko yafe mini ta yi. Na fita baranda na tsaya. Can sai ga ta.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Rahila, abin da kika rubuta, faɗa ne ko me?"

Ta jingina da bango. "Na yi fushi, Mama. Har yanzu da saura, ba zan ɓoye miki ba. Jiya na haɗa ruwan wanki zan cire baƙin. Da na sunkuya sai na ji warin gidanmu. Daddawa, da iccen ƙirya, da kifin da kike shanyawa a saman murhu. Na kasa."

"Kuncin fa?"

"Wannan hannunki ne. Na bar shi."

Sai na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tsoron bakin mutane ne ya kai shi madafa, gaskiya ne. Amma kullum da safe in na zo hura wuta sai na ce masa ina kwana. In ciniki ya yi kyau shi nake fara gaya wa, in ƙannenta sun ɓata mini rai ma haka. Tunda na naɗe shi a buhu madafar ta yi mini faɗi.

Ta dube ni ta ce, "To me ya hana ki faɗa tun shekaranjiya?"

"Kin ba ni fuska?"

Ta yi dariya, idonta ya cika. Ta kama hannuna ta ja ni ciki, ta yi ta nuna ni ga mutane, ni kuwa na miƙa kunci dama da hagu har na ƙware. Wani mai ƙaton tabarau ya so ya sayi Baban Rahila, ta ce da shi wannan ba na sayarwa ba ne. A ranar na yi barcin da rabona da shi tun daga Jalingo.

Dawowa ba ta da labari, hannuna sakayau, ba wanda ya ko dube ni a iyaka. Abin da zan ƙara shi ne safiyar da zan taso. Na gama ɗaure kaya, Rahila ta ce in zauna bakin taga. Ta ɗauko allo da gawayi. Na ce bari in gyara ɗankwali, ta ce in bar shi yadda yake. Na fi awa ɗaya a zaune, bayana har ya ƙage. Shekara da shekaru yarinyar nan tana aikin nan a tsakar gidana, ban taɓa zama na kalli hannunta ba sai ranar. Ta dube ni, ta dubi allo, ta goge da yatsa, ta sake dubana. Tun tana jaririya ba ta ƙare mini kallo haka ba.

Da lokacin jirgi ya matso na miƙe na ce, "Mu gani."

Ta kife allon a ƙirjinta.

"Bai ƙare ba. Hancinki yana ba ni wahala."

"To yaushe zai ƙare?"

"Sai kin sake zama. Ki gyara mini ɗakina, Mama, ina zuwa Kirsimeti."